Abin da gyaran banɗakin Inna ya ci

Wata safiyar Laraba cikin watan Disambar 2024, na dawo daga sallar asuba ke nan, maiɗakina ta tare ni a zaure ta ce in yi sauri, Inna ta zame a makewayi. Na tarar da ita zaune a ƙasa cikin ruwa, buta ta kife a gefe, ta riƙe wuyan hannunta na dama da na hagu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kira kowa ba, ƙarar faɗuwar aka ji. Allah ya taƙaita abin ya tsaya ga targaɗe da tsamin jiki na mako biyu. Amma mace ce da ta haura saba'in, kuma duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ƙugunsa ya karye ya san abin da muka tsallake.

Banɗakin nan marigayi Baba ne ya gina shi tun muna yara, a gidanmu da ke Birnin Kebbi. Daɓen siminti ne da aka goge ya yi sumul, shekara da shekaru sabulu da ruwa suna zama a kansa har ya yi gansakuka a kusurwoyi. Ana wanke shi da tsintsiya kullum, bayan kwana biyu santsin ya dawo. Akwai kuma wata matsalar da muka daɗe muna kau da kai daga gare ta. Bangon da ya raba banɗakin da ɗakin Inna kullum a jiƙe yake daga ƙasa zuwa kamar tsayin gwiwa, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana tsattsafowa. Mukan ce damina ce. To ga shi muna tsakiyar hunturu, ƙasa ta bushe ƙamas, leɓe na tsagewa, amma bangon nan da sanyinsa da danshinsa.

A ranar na ƙudurta cewa ba za a shiga azumi ba sai an gyara wurin, domin cikin Ramadan Inna takan tashi alwala sau biyu ko uku a dare, lokacin da kowa ke barci.

Na fara da tambayar wani abokin aikina da ya sa tayil a gidansa. Ya ce ɗan ƙaramin banɗaki ai naira 200,000 ta isa har da canji. Da wannan lissafin na shiga, kuma kuɗin adashen da na kwasa a ƙarshen Disamba ya kai hakan. Ba ƙarya ya yi mini ba. Shi sabon gini ya sa wa tayil, bango a miƙe, fayif sabo. Ni tsohon wuri zan tone, kuma tsohon wuri ba a sanin abin da ke cikinsa sai an fasa.

Abu na farko da na yi daidai shi ne awo. Na ari tef na auna da kaina kafin in je kasuwa. Tsawon ɗakin mita 2, faɗi mita 1.8, ke nan ƙasa murabba'in mita 3.6 ce, abin da masu sana'ar ke kira sikwaya. Bango kuwa na yanke shawarar a kai tayil daidai saman ƙofa, mita 2.1. In ka zagaye bangon huɗu mita 7.6 ne, ka ninka da tsayin ya ba ka kusan sikwaya 16, ka cire gurbin ƙofa da ɗan taga ya rage 14. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda yanka da fashewa. Na rubuta wannan a bayan wata ambulan na sa a aljihu, kuma ambulan ɗin nan ta yi mini rana, domin shagon farko da na shiga, ina faɗin "banɗaki ɗaya" yaron shago ya ce kwali goma sha biyar na bango. Lissafina kuwa goma sha ɗaya ya nuna. Tayil mai 25 da 40 guda goma sha biyar ne a kwali, sikwaya ɗaya da rabi. Ba na ce yaron cuta ya nufa ba, kintace ya yi, amma kwali huɗu na banza a wannan zamani ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Kwana biyu na yi ina zaga shagunan kayan gini bayan an tashi aiki. Tayil ɗin da ke kasuwarmu iri uku ne in ka bi ta inda ya fito. Akwai na gida, wanda ake yi a nan Najeriya, a wurare irin su Ajakuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun. Akwai na Chaina da Indiya. Sai ɗan Sifen da ɗan Italiya, waɗanda ake jingine su can gaban shago su ja ido. Duk wanda ya ƙetaro teku da dala aka sayo shi, dala kuwa da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Na gidan ma bai tsira ba, don daga kudu ko daga Kano ake ɗauko shi a mota, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dako ya shiga cikin farashin komai. Na tambayi kuɗin ɗan Sifen sau ɗaya, na ji, na yi godiya na wuce wurin na gida.

Na bango bai ba ni wahala ba. Na zaɓi fari mai ɗan ratsin toka, mai ƙyalli, wanda datti ba ya kamawa. An yi ciniki, aka tsaya a naira 9,000 kwali, goma sha ɗaya 99,000. Na ƙasa ne na tsaya a kansa, domin saboda shi aka fara aikin gaba ɗaya. Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya so in ɗauki babba mai 60 da 60, mai sheƙi kamar madubi.

"Alhaji, wanga shi aka yayi yanzu. Ko'ina shi aka sawa."

Na ce masa, "Baba, tsohuwa za ta taka shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin dare."

Sai ya yi shiru, ya kira yaro ya ce a kawo ruwan leda. Ya shimfiɗa tayil uku a ƙofar shago, ya fasa ledar ya zuba musu, ya ce in cire takalmi in taka. Na ɗora ƙafa a kan mai sheƙin, tun kafin in saki nauyina ƙafar ta tafi, sai da na dafa kafaɗar yaron. Na biyu da ɗan dama. Na uku, ƙarami mai 30 da 30, launin ƙasa, fuskarsa da kaushi kamar dutsen niƙa, yana riƙe tafin ƙafa ko da ka murza. Ya ƙara mini da cewa ƙaramin tayil ya fi dacewa da ƙasan banɗaki, don layukan da ke tsakaninsu suna da yawa, ƙafa tana samun abin kamawa, kuma ya fi sauƙin karkatarwa ruwa ya bi gangara. Babba a ƙaramin ɗaki sai an yi ta yanka shi kafin ya bi. Na ɗauki kwali uku, kowanne a kan naira 10,500, guda goma sha bakwai a cikinsa. Ba shi da kyan gani kamar wancan, kuma na san sai an sa buroshi wajen wanke shi. Ban damu ba.

Dattijon nan ya koya mini abu biyu da ban biya ko kwabo a kansu ba. Ya nuna mini wata lamba a jikin kwali, ya ce in tabbatar duk kwalayen lambarsu ɗaya, domin tayil iri ɗaya in ba gashi ɗaya aka yi musu ba launinsu yakan ɗan saɓa. Sannan ya ce a buɗe kowane kwali a gabana kafin a ɗora a mota. Mun sami uku fasassu a kwali guda, ya canza nan take. Da sai mun kai gida aka gani, da magana ta zama ta wa ya fasa. A-kori-kura ta kai mini su gida da sauran kaya a kan naira 7,000, na zauna a gaba ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali.

Tayil ya tashi naira 130,500. A raina na ce an ci rabin aiki. Ashe kwata kawai aka ci.

Leburori biyu suka zo da guduma da cizal suka fara sassaƙe tsohon filasta da daɓen, naira 4,000 kowanne a yini, kwana biyu, ga kuma 6,000 na kwashe ɓaraguzai. Ana cikin yini na biyu ɗayansu ya leƙo ya ce, "Malam, zo ka gani." A bangon da ke jikin ɗakin Inna, bulo ya yi baƙi, kana danna shi da yatsa yana marmashewa. Cikinsa tsohon fayif ne na ƙarfe, ya yi tsatsa har ya kumbura, kuma daidai gwiwar da ya lanƙwasa zuwa famfo akwai wata 'yar huda da ba ta fi bakin allura ba. Ruwa na tsattsafowa, ɗigo, ɗigo, ba ya tsayawa. Na tsuguna ina kallonsa na daɗe. Shekara nawa ke nan yana zuba cikin bangon da gadon mahaifiyata ke jingine da shi, muna ɗora wa damina laifi, muna sake fenti duk ƙaramar sallah.

Da ban fasa filastar ba, da na bi shawarar waɗanda suka ce a manna tayil a kan tsohon bango kawai don a rage kuɗi, da na rufe ciwon ne da kyakkyawan zane. Bayan shekara ɗaya ko biyu tayil ɗin ya fara ɓallewa, a dawo a fasa, an yi asarar tayil da siminti da ladan aiki.

Dole mai aikin famfo ya shigo cikin lissafi. Ya ce ba ya yin faci a kan ƙarfen da ya ruɓe, a cire duka a sa na roba, koren nan da ake narka bakinsa da ƙarfe mai zafi a haɗa, ya zama kamar abu ɗaya. Fayif, mahaɗai, kan famfo biyu, shawa, makunnin da zai tsayar da ruwan banɗakin kaɗai in an sami matsala, da rariyar ƙasa, suka tashi naira 58,000. Ladansa 25,000. Rariyar ya dage a sayi mai ɗan kofi a ciki wanda ruwa ke zama, ya ce ruwan nan shi ke tare warin sokawe da kyankyasai. Tsohuwar rariyarmu rami ce kawai a gindin bango, shi ya sa da zafi ya shigo a Maris da Afrilu wurin ba ya shiguwa. Da ya gama haɗawa bai bari a rufe ba. Ya sa aka cika tanki, aka kulle kawunan famfo, ya naɗa busasshiyar takarda a kowace mahaɗa, ya ce sai gobe. Da safe muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna taɓawa. Duka a bushe.

Sai maganar masai, wadda ta fi kowace ɗaukar lallashi. Na tsuguno ne a wurin tun asali, gwiwoyin Inna kuwa sun daina yarda da tsuguno, tashi take da ƙyar tana dafa bango. Na ce a sa na zama. Ta ƙi.

"Wanga abu na asibiti? Ruwa shi fallatso ma mutum, da mi za ya sallah?"

Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, kuma ba ta cika yi mini musu a gaban mutane ba, don haka da ta faɗi haka na san abin ya dame ta ƙwarai. Damuwarta tsarki ce, kuma tana da gaskiya. Ƙanwata da ke aure a Argungu ce ta zo ta zauna da ita, mace da mace, ta yi mata bayanin yadda surukarta ke amfani da irinsa. Aka daidaita a kan za a sa famfo ƙasa-ƙasa a hannun dama inda za ta cika buta ba tare da ta miƙe ba, sannan ta kafa sharaɗi cewa kada mai zama ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya. Na san malamai sun yi sauƙi a kan wannan in a cikin gini ne, amma ban ja da ita ba. Aka juya shi ya kalli kudu, abin da ya ƙara mana ɗan tsawon fayif. Masan ya ci naira 62,000. Na sa mai walda ya lanƙwasa ƙarfe biyu na dafawa, ɗaya kusa da masai ɗaya kusa da famfo, 8,000. Da ragowar bulo da ke bayan gida aka tayar mata da ɗan dakali mai tsayin santimita 40 inda za ta zauna ta yi alwala.

Tun kafin a kai nan kuɗin adashe suka ƙare, ba a manna tayil ko ɗaya ba. Na sayar da buhunan shinkafa daga cikin abin da na samu a gonar fadama, waɗanda na yi niyyar ajiyewa sai farashi ya ɗaga. Ƙanena da ke aiki a Kaduna ya turo nasa ba tare da na roƙa ba, ya ce uwa ba ta mutum ɗaya ba ce.

Wajen neman mai tayil ban bi araha ba, ban kuma bi bakin mutane ba. An ba ni mutum uku. Kowanne na ce ya kai ni in ga aikin da ya yi, ba na jiya ba, wanda ya shekara biyu ana amfani da shi. Ɗaya ya yi ta nuna mini hotuna a waya, ban ƙara kiransa ba. Wanda na ɗauka ya kai ni wani gida a Gesse, maigidan ya yi mana izini muka shiga. Na ciro makullin babur ina ƙwanƙwasa tayil ɗaya-ɗaya. Wanda ya zauna cif a kan siminti ƙararsa a toshe take, wanda akwai iska a bayansa yakan yi amo kamar ganga, kuma shi ne ke fashewa ko ya ɓalle. Ban ji ganga ko ɗaya ba.

A ciniki na so mu yi da sikwaya, don na ji ana biyan kamar naira 1,500 a kan kowace, nawa kuwa bai wuce goma sha takwas ba, ka ga 27,000 ke nan. Ya girgiza kai.

"Malam, in falo ne na yarda. Falo shimfiɗa ce, ka kama layi ka tafi. Banɗaki kuwa duk yanka ne. Ga bakin famfo, ga masai, ga taga, ga dakali, ga gangara. Kwanan da zan yi a nan ya ishe ni in gama falo biyu."

Na ga gaskiyarsa. Muka yi jinga a kan naira 45,000, na ba shi 15,000 kafin alƙalami, sauran sai an zuba ruwa an gani. Wannan sharaɗi na ƙarshe ni na kawo shi, kuma ya karɓa ba gardama.

Kafin shi, magini ya sake yi wa bangon filasta a kan 15,000. Aka cakuɗa garin hana ruwa ratsawa a cikin simintin ƙasa da na bango zuwa tsayin ƙugu, leda huɗu, 8,000. Hunturu kuwa maƙiyin ɗanyen siminti ne, iskar tana shanye ruwansa kafin ya kama, sai ya yi ta tsagewa. Safe da yamma ni da yarana muke yayyafa masa ruwa har mako guda. Mai tayil ya so ya fara bayan kwana uku don yana da wani aikin a gaba, na ba shi haƙuri ya jira. Siminti an ce mini buhu huɗu zai isa, bakwai aka ci, kowanne naira 10,000. Dalili shi ne bangon Baba ba a miƙe yake ba. Da aka saki igiya mai nauyi daga sama, sai ga bambancin kusan santimita uku tsakanin sama da ƙasa, kuma da siminti ake cike wannan. Buhun da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ke nan, ga shi kuma ana yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato, tafiyar sa'o'i kaɗan daga nan, amma kusancin bai sauko mana da shi ba. Yashin gulbi kura uku, 15,000.

Ranar da aka fara manna tayil na ɗauki hutu a wurin aiki. Yaron mai tayil ya cika rabin duro da ruwa ya jera tayil ɗin bango a ciki, sai ka ji suna shuu, ƙananan kumfa na tasowa. Bayansu yumɓu ne gasasshe mai ƙishirwa, in ba a jiƙa shi ya ƙoshi ba zai tsotse ruwan simintin da aka manna shi da shi, ya sake. Ogan ya ɗauko siririn tiyo mai ruwa a ciki, shi a wannan kusurwa yaron a waccan, suka yi alama a inda ruwan ya tsaya, suka ja layi ya zagaye ɗakin. Bai fara daga ƙasa ba. Ya kafa katako ya fara daga layi na biyu, ya ce na ƙasan sai an gama daɓe, don ya sauko ya hau kan tayil ɗin ƙasa, ruwan da ya gangaro daga bango kada ya sami hanyar shiga baya. Kowane tayil sai ya shafe bayansa duka da siminti har kusurwoyi, ba ɗan dunƙule biyar da wasu ke ɗigawa don sauri ba, ya danna, ya bubbuga da gudumar roba, ya soka 'yan robobi masu kamar alamar tarawa a tsakani don layi ya daidaita. Robobin nan da farin siminti na cike layi da ƙarafan rufe kusurwa sun ci 16,500.

Wuta ba ta zauna ba a kwanakin, injin yanka kuwa sai da ita, don haka janareta ya sha man naira 6,000, lokacin lita ta haura dubu. An kashe ruwan gidan saboda aikin, 'yan ga-ruwa suka ci 5,000. Abincin ma'aikata, shinkafa da wake da rana, kunu da ƙosai da safe, maiɗakina ta ƙiyasta shi a 12,000. Ba ya cikin jinga, amma ba a yin aiki a gidanka mutum ya wuni da yunwa.

Kwana uku aka gama bango, rana ta huɗu aka yi ƙasa. Ƙa'idar da ya faɗa mini ita ce kowace mita ɗaya ƙasa ta sauka kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu wajen rariya. Washegari da sassafe, kafin ya iso, na cika bokiti na tsaya daga bakin ƙofa na watsa. Yawancin ruwan ya bi hanyarsa ya shige. Amma a gindin dakalin alwala, daidai inda Inna za ta sauke ƙafa, ruwa ya kwanta, faɗinsa kamar faranti, bai motsa ba. Na jira minti goma. Yana nan.

Da ya zo ban ce komai ba, na sake watsa wani bokitin a gabansa. Ya tsuguna, ya ɗora katakon awonsa, ya ga haske na wucewa ta ƙarƙashi.

"Wannan kuskurena ne, Malam. Jiya magariba ta kawo jiki, na yi sauri. Amma ɗan kaɗan ne, tsintsiya ɗaya ta kore shi."

Na ce, "Oga, wa zai riƙe mata tsintsiya ƙarfe uku na dare? Saboda ruwan da ke kwanciya ta faɗi. In ya kwanta a nan, duk abin da muka kashe mun kashe ne a kan bango."

Bai ƙara magana ba, ya ɗauko cizal. Sa'ar da aka yi simintin bai gama ƙanƙamewa ba. Ya ɗaga guda tara, biyar suka fashe, ragowar da muke da su ba su isa ba domin dakalin ya ci wasu. Na koma wurin dattijon nan, cikin mako uku kwalin ya koma 11,000, kuma mai lambar tamu ya ƙare. Wanda aka samu ya ɗan fi namu duhu, sai ka ƙura ido za ka gane. Mai tayil ya yi dabara, ya ciro masu asalin launin daga bayan masai ya kawo su gaba, ya tura sababbin can inda ido ba ya kaiwa. Ni na sayi kwalin, shi kuma bai nemi ƙarin ko sisi ba a kan yinin da ya ƙara. Da aka sake zuba ruwa, ya tattaru ya bi ta rariya har da 'yar ƙara. Bayan farin simintin ya bushe muka toshe rariyar, muka tara ruwa ya kwana, da safe na shiga ɗakin Inna na shafa gindin bango, ban ji sabon danshi ba. A ranar na cika masa kuɗinsa, na ƙara wa yaronsa na sabulu.

Da na zauna da daddare na tara abin da ke bayan ambulan da sauran takardun, jimla ta kama naira 516,000. Tayil ɗin kansa, har da kwalin da aka ƙaro, 141,500 ne, ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran duk ya tafi ne a abin da ba a gani in an shiga: fayif ɗin da ke cikin bango, simintin da ke bayan tayil, gangarar da ke ƙarƙashin ƙafa, da hannun waɗanda suka yi. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kebbi naira 75,000 ne tun ƙarshen 2024, ke nan ɗan ɗakin da bai kai sikwaya huɗu ba ya ci albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan wata bakwai. Wannan lissafin ya tsaya mini a rai, domin gidaje nawa ne a garin nan da tsofaffi ke taka irin daɓen da Inna ta zame a kai, kuma 'ya'yansu ba su da shinkafar sayarwa.

Wani maƙwabcina da ya leƙo ganin aikin ya tambaye ni inda zai rage in zai yi nasa, don ƙarfinsa bai kai nan ba. Na ce ya tsayar da tayil ɗin bango a mita ɗaya da rabi ya shafa wa sama fentin mai, zai rage kwali uku ko huɗu da buhun siminti. Ya bar ƙarafan kusurwa. In masansa lafiya lau ne kuma babu mai ciwon gwiwa, ya bar shi. In ma abin ya ƙi, ya yi ƙasa kaɗai da layi biyu na gindin bango, ya bar sauran sai wata shekara. Amma ya fasa ya duba fayif, ya sayi mai kaushi, kuma kada ya biya cikon kuɗi sai ya watsa bokiti da hannunsa.

An ga watan Ramadan aka tashi da azumi ranar Asabar 1 ga Maris. A daren farko na farka wajen ƙarfe uku na ji motsin buta. Na fito tsakar gida na tsaya daga nesa, ban yi magana ba. Ƙofar a buɗe take, tana zaune a kan dakalin tana wanke ƙafa, ruwan yana zarcewa rariya. Ta gama, ta kama ƙarfen, ta miƙe a hankali, ta fito. Da ta gan ni ta ce, "Kai kuma mi kaka yi nan? Tahi ka kwanta."

Tayil goma sha ɗaya suka rage, na ƙasa da na bango, na ɗaure su cikin kwalinsu mai lamba na tura ƙarƙashin gado saboda ranar da wani zai fashe. Bangon ɗakinta kuwa magini ya ce kada a yi masa fenti tukuna, a bar zafin bazara ya gama shanye ruwan da ya sha. Mun matsar da gadon zuwa ɗaya gefen, fenti sai bayan babbar sallah.